Malafar da Ke Kan Ƙusa

Ƙarfe biyar da kwata na yammacin Lahadi wayar ofis ta yi ƙara. Sufeto Emmett Galvin yana tsaye bakin taga yana tauna tsinken ashana, don tun da likita ya raba shi da taba ya rasa abin yi da bakinsa. Sajan Kubiak ne ya ɗauki wayar. Ya saurara, sai ya ajiye burodin da yake ci, abin da ba ya yi sai da babban dalili.

"Oga, daga gidan hayar Madam Lund ne. Wai warin gas ya cika bene." Ya ajiye wayar. "Nunzio Corda ne."

Galvin ya tofar da tsinken, ya fizgi rigarsa.

Nunzio masunci ne, a da shi ke tuƙa wa Gaspare Vitrano jirgi. Shi kuwa Vitrano, duk San Francisco babu wanda bai san shi ba. Shekara goma sha biyar ke nan babu jirgin kamun ƙaguwa da ke fita teku sai da yardarsa. Bara wani ya ƙi yi masa biyayya, aka ƙone jirginsa yana ciki. Nunzio ya ga wanda ya kunna ashanar. Wata huɗu Galvin yana bin sa yana lallashi kafin ya yarda zai faɗa a gaban alƙali. Ranar Laraba za a zauna.

Sun tarar an buɗe tagogi, amma har yanzu warin yana kama maƙoshi. Nunzio yana kwance kusa da murhun gas, ɗan gajeren mutum, fuskarsa a ƙasa. Likitan 'yan sanda ya ɗago kai.

"Tsakanin biyu da rabi zuwa uku da rabi ya cika. Akwai ƙulu a ƙeyarsa, amma mai yiwuwa faɗuwa ce. Tsoro ya yi masa yawa, ya buɗe wa kansa gas. Na ga irinsu da yawa."

Galvin ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya je taga, ya dawo, ya leƙa ƙarƙashin gado. Ya tsaya a ƙofa yana shafa sakatar ƙarfen da shi da kansa ya saya wa Nunzio, ya ce masa kada ya zare ta ko da uwarsa ce ta fito daga kabari. Sakatar lafiyarta ƙalau. Daga ciki aka zare ta.

Sai idonsa ya kai bango. Ƙusoshi biyu ne can sama, ɗaya babu komai, ɗaya da malafa ruwan toka.

"Kubiak, zo ka tsaya nan. Miƙa hannu."

Kubiak ya miƙa, yatsunsa suka taɓa malafar da ƙyar.

"Ka fi mamacin tsawo?"

"Haba Oga. Ko matata ta fi shi."

Galvin ya sauko da malafar, ya shinshina cikinta. Ƙamshin man gashi mai tsada. Ya dubi kan Nunzio, sanƙo ne tal kamar ƙwai.

Madam Lund tana zaune a falonta na ƙasa, ta rungume kyanwa. Kujerarta tana daidai bakin tagar da ke kallon ƙofar gida.

"Madam, wa ya shigo gidan nan yau da rana?"

"Babu kowa."

"Kina ina?"

"Barci nake yi."

"A kan kujerar nan?"

"A ɗaki."

Galvin ya ɗauki saƙar da ke kan hannun kujerar, ya ɗaga. "Duk wannan cikin barci kika saƙa?"

Ta fizge abinta. "Yallaɓai, idona biyu ne, kuma ina son su duka. Ban ga kowa ba. Kai ma da ka ƙyale yaron nan da kamun ƙaguwarsa, da yanzu yana nan yana yi mini waƙar banza a bene."

Maganar ta soke shi, amma bai nuna ba. Ya ɗora malafar a kan tebur.

"Wannan tasa ce?"

"Irinta dai. Duk yaran Don Gaspare irinta suke sawa, shi ke raba musu duk Kirsimeti. A ina kuka same ta?"

"A kan ƙusa."

"Ƙusa?" Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Nunzio? Shekara uku ina fama da shi. Yana shigowa sai ya wurga ta kan gado. 'Yan garinsu in sun zo har ihu suke yi, wai malafa a kan gado mutuwa take kira. Shi kuwa sai ya ce maganar tsofaffi ce, a can ƙasarsu Sisili ya baro ta."

Ta lura ta yi magana da yawa, ta kama bakinta. Galvin ya ɗauki malafar ya fita.

Washegari da safe Kyaftin ya kira shi. Bai ba shi wurin zama ba, da ma ba zai zauna ba.

"Likita ya ce shi ya kashe kansa. Rufe fayil ɗin."

"Yallaɓai, a ba ni kwana biyu."

"A kan malafa?" Kyaftin ya tura masa wata takarda. "Laraba da safe alƙali zai kori ƙara, tunda babu shaida. Laraba da yamma Vitrano zai shiga jirgin ruwa zuwa Sisili, wai zai gano mahaifiyarsa. Ka san ba zai dawo ba sai ƙura ta lafa. Gobe ƙarfe shida na yamma nake son fayil a teburina, a rufe ko da mutum a ciki."

Galvin ya sami Vitrano a shagon wanzaminsa da ke bakin tashar jiragen ruwa, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, fuska duk kumfa. Ƙaton mutum ne, gashinsa baƙi wuluk yana sheƙi. Masunta biyu suka wuce ta waje, suka ɗaga malafunsu ga tagar ko da bai dube su ba. A kan maratayi akwai sabuwar malafa baƙa.

"A'a, Sufeto! Shigo a rage maka wannan ciyawar, ni zan biya. Albashinku ba ya kai wa wanzami, na sani."

"Ka ji labarin Nunzio?"

Vitrano ya ɗaga hannu ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. "Na ji. Ni na riƙe yaron nan a coci ranar baftismarsa. Ubangidansa ne ni a gaban Allah. Ku kuka rikita masa kai."

"Jiya daga biyu zuwa huɗu kana ina?"

"Inda nake kullum Lahadi. A gidan silimata, layi na tara, kujerar tsakiya. Tambayi mai sayar da tikiti, ta ga shigata ta ga fitata."

"Me aka nuna?"

"Wanda ake nunawa tun makon jiya, na ɗan daban nan da ya mallaki gari. Sau goma sha ɗaya na kalle shi." Ya ture hannun wanzamin ya ɗago, idonsa yana ƙyalli kamar na yaro. "Ka gani? Akwai wurin da ya mari lauyan gwamnati a tashar jirgin ƙasa, a gaban jama'a, tas! Jiya ma da aka zo wurin na duba agogo, uku saura kwata daidai. Sai da na tafa."

"Yaya ya ƙare?"

"Wa ya sani? Ni ba na kallon ƙarshe. Masu yin fim matsorata ne, dole sai sun kashe namijin don 'yan sanda su ji daɗi. Ina ganin an fara kewaye shi nake tashi."

Galvin ya nuna maratayin da haɓa. "Ina ruwan tokar?"

Wanzamin ya dakata da askar a sama. Vitrano ya koma ya kwanta.

"Na gaji da ita. Ko an kafa dokar malafa ne ban ji ba?"

Galvin bai jira mota ba. Ya hau tudun da ƙafa, hazon teku yana bin bayansa, jirage suna ta kuka a ƙasa. Kubiak yana haki yana roƙon a tsaya ko ruwa ya sha.

Shagon Baba Mendel mai ɗinkin malafa ƙarami ne, tururi ya cika shi. Tsohon ya karɓi malafar, ya juya ta, ya zaga yatsa a cikinta.

"Aikina ne. Dozin biyu nake yi wa Don Gaspare duk shekara, duk iri ɗaya."

"Wannan ta wa ce a cikinsu?"

"Ina zan sani? Malafa malafa ce."

"Baba, shekara nawa kana wannan sana'a?"

"Arba'in da ɗaya."

"To ashe ƙarya ake yi da aka ce kai kaɗai ne a garin nan ke auna kan mutum kafin ka ɗinka. Ashe kai ma na kanti kake saye ka manna sunanka."

Fuskar tsohon ta yi ja. Ya jawo wata akwati da ƙarfi. Cike take da ƙananan katuna, kowanne da zagayen hujin allura, siffar kan mai shi. Ya zaro ɗaya, ya kifa shi a bakin malafar, ya nuna.

"Na kanti! Duba nan. Ka ga inda ya lotsa ta hagu? Kwalba aka fasa masa a nan yana saurayi. Kai ɗaya ne a duniya zai shiga wannan malafar ya zauna daidai." Sai ya ga sunan Don Gaspare a kan katin, ya ga Galvin ma ya gani. Ya zauna a hankali. "Ni dai ban ce komai ba."

"Katin ya ce. Ba ni na Nunzio Corda ma."

A waje Kubiak ya share gumi. "To ai shi ke nan, Oga. Mu je mu ɗauko shi."

"Ya ce tsohuwar malafarsa ce ya ba yaron kyauta, lauyansa ya yi mana dariya? Muddin yana cikin silimar nan daga biyu zuwa huɗu, ba mu da komai."

Ranar Talata da hantsi suka hau matattakalar bayan silimar, zuwa ɗan ɗakin da ake haska fim. Otis Brandt, mai kula da majigin, siririn dattijo ne mai tari. Yana ganin su ya sa hannun dama a aljihu.

"Lahadi da rana kai ka yi aiki?"

"Ni ne."

"Komai ya tafi daidai?"

"Daidai, Yallaɓai. Shekara ashirin ban taɓa samun matsala ba."

"Don Gaspare yana nan?"

"Layi na tara. Ta wannan ramin nake hango ƙeyarsa."

"Daga farko har ƙarshe?"

"Ni fim nake kallo, ba mutane ba."

Galvin yana zagaya ɗakin, yana taɓa wannan yana ɗaga wancan. Faifan fim shida ne jere a kan kanta, kowanne cikin gwangwaninsa. Biyar sun tsufa, na uku sabo fil. A jikin majigin akwai baƙin hayaƙi da aka goge ba a gama ba.

"Ba ni ashana, Baba Otis."

Mutumin ya miƙo da hagu.

"Da dama ake ba babba abu."

Otis ya fito da hannun a hankali. Yatsu uku a naɗe da bandeji.

"Shayi ne ya zubo mini."

"Shayin ne ya hau bango ya yi baƙi? Kubiak, sauka ka tambayi mai sayar da gyaɗa me ya faru ranar Lahadi."

"Tsaya!" Otis ya dafa kantar faifan. "Don girman Allah kada Don Gaspare ya ji. Faifai na uku ne ya kama wuta, ana fara shi. Na kashe da hannuna. Na tsallake na sa na huɗu. Mutane suka yi ta ihu suna jifan allo da ɓawon gyaɗa. Na leƙa ina jiran ya hauro ya karya ni, sai na ga kujerarsa babu kowa. Na ce Allah ya cece ni. Jiya da sassafe na je na karɓo wani faifan."

"Marin da ake yi a tashar jirgin ƙasa, a wane faifai yake?"

"Na uku."

"Ba a nuna shi ranar Lahadi ba ke nan."

"Ko ƙyallinsa."

"Yaushe ya dawo?"

"Ana tsakiyar na biyar. Ta ƙofar gefe. Ya zauna, ya sunkuya kamar kullum, can ya tashi ya fita kafin ƙarshe." Otis ya yi tari. "Abin da ya ba ni mamaki, kai babu komai ya fita. Tunda nake ban taɓa ganin tsakiyar kansa a titi ba."

Galvin ya daina tauna tsinken. "Ya sunkuya ya yi me?"

"Malafa mana. Kowace kujera akwai wayar saƙale malafa a ƙarƙashinta."

"Wa ke share layi na tara?"

"Babu mai taɓa kujerar nan, Yallaɓai. Wani ya taɓa zama a kai bisa kuskure, har yau da sanda yake tafiya."

Ƙarfe uku da rabi Galvin ya sayi tikiti biyu. Ya bar Kubiak a ƙofar gefe, ya shiga cikin duhun zauren. Mutane ba su da yawa. A layi na tara mutum ɗaya ne, baƙar malafa a kan cinyarsa. Amma ba a kujerar tsakiya yake ba. Ya bar kujeru biyu tsakaninsa da ita.

Galvin ya ratsa ya zauna daram a kujerar tsakiyar.

"Tashi daga nan," in ji Vitrano, bai ko juyo ba.

"Na ga babu kowa ne. Kai me ya kore ka daga cikinta?"

"Kana da takardar bincike?"

"Tikiti gare ni. Da kuɗina na saya, albashin ya kai."

A kan allo motocin 'yan sanda suna taruwa a bakin wani gini. Vitrano ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, Don Gaspare. Ba ni labarin marin nan na ranar Lahadi. Uku saura kwata, ko? Har ka tafa."

"Na faɗa maka."

"Mutum ɗari biyu suna cikin zauren nan, babu wanda ya ga marin sai kai. Faifan ya ƙone. Jifa aka yi ta yi da ɓawon gyaɗa, kai kana tafi."

Galvin ya sunkuya, ya laluba ƙarƙashin kujerar, ya zaro malafa ruwan toka, 'yar ƙarama. Ya miƙa masa.

"Riƙe mini."

Ƙaton mutumin nan ya ja jiki baya har kujera ta yi ƙara. "Kawar da ita daga jikina!"

"Me ya sa? Malafa ce kawai."

"Ta matacce ce!"

Ya faɗa kafin ya ji abin da ya faɗa. Wani daga baya ya yi tsaki ya ce a yi musu shiru.

Galvin ya juya malafar, ya ɗaga fatar cikinta. Wani ɗan kati ya faɗo a tafin hannunsa. Ko a hasken allo ya gane shi. Katinsa ne, da lambar wayarsa, wanda ya ba Nunzio ya ce ya kira shi ko wane lokaci ne. Ya ɗago ya dubi Vitrano.

"Taka tana ofis, Baba Mendel ya nuna mini lotsawar. Tasa ga ta a ƙarƙashin kujerarka. Kwana biyu tana nan. Ka kasa taɓa ta, kuma ka kasa aiken yaranka, don kada su san Don Gaspare ya yi aiki da hannunsa ya kuma yi shirme. Abu ɗaya ne ban gane ba. Na ce masa kada ya buɗe wa kowa."

Vitrano ya yi wata dariya ta cikin hanci. Muryarsa ta sauka.

"Kai ba ɗan Sisili ba ne. Mutum ba ya rufe wa ubangidansa na baftisma ƙofa. Ko me ke tsakaninsu. Shi ya sa ban aiki kowa ba, ni kaɗai zai buɗe wa." Ya shafa fuska. "Na shiga da mutunci. Na cire malafata na rataye. Sai na ga tasa a kan gado. Na ce, kai Nunzio, ba ka da hankali? Mutuwa kake kira mana? Na ɗauke masa na rataye kusa da tawa. Ya yi dariya. Ya ce, Ubangida, har yanzu kana tsoron malafa? Na ce ya hau jirgi ya bar garin, ni zan riƙe shi. Ya ce ya riga ya yi wa wani mutum alkawari."

Galvin ya damƙe katin a hannunsa.

"Da ya juya zai dafa mini kofi na buge shi. Na buɗe gas ɗin. Warin ya shaƙe ni, na fizgi malafa na fita. Sai a titi na ɗora ta, ta tsaya mini a tsakiyar kai kamar ta ɗan biri." Ya girgiza kai. "Da na bar masa ita a kan gadon."

Kubiak ya iso da ankwa. Vitrano ya miƙa hannu babu gardama. Baƙar malafar ta zame daga cinyarsa, ta gangara ƙarƙashin kujerun gaba.

"Ɗauko mini. Ba zan fita haka ba."

Kubiak ya dubi tumbinsa, ya dubi ƙasa. "Don Gaspare, in na sunkuya nan sai an kira 'yan kwana-kwana."

Suka hau da shi ta tsakiyar zauren. A bayansu harbi ya kaure a kan allo, mutane suka ɗauki sowa. Vitrano ya ƙi waiwayawa. Sai da suka kai ƙofa ya tsaya.

"Sufeto. A ƙarshen, me ke samunsa?"

"Ban sani ba," in ji Galvin. "Ni ma ban tsaya ba."

Waje da sauran rana. Labari ya riga su fita, masunta sun hauro daga bakin ruwa sun cika gefen titi, wasu da takalman roba, wasu da ƙugiya a hannu. Iska ta taso daga teku ta tarwatsa gashin nan mai sheƙi, lotsawar hagu ta fito fili. Vitrano ya bi fuskokinsu da ido ɗaya bayan ɗaya, mutanen da shekara goma sha biyar suke gaishe da tagar shagon wanzaminsa.

Babu wanda ya ɗaga malafarsa.

Galvin ya tura shi cikin mota, ya rufe ƙofa. Ya duba agogo, huɗu ta ɗan gota. Ya sa hannu a aljihu neman ashana, sai ya ci karo da katin. Ya bar hannun a can.